FENTIN HODA: Rigar Da Ake Gasa Wa Ƙarfe Don Ya Tsira Daga Tsatsa

Daga Wakilinmu

Duk magidancin da ya taɓa cire kuɗinsa ya ba mai walda ya ƙera masa ƙyauren gida, ko ƙarafan taga, ko gadon ƙarfe na ɗakin amarya, ya san inda labarin yakan ƙare. Ran da aka kawo kaya sai ka ga suna sheƙi kamar a lasa. Damina ɗaya ta wuce, ta biyu ta biyo baya, sai fenti ya fara kumbura daga gindin ƙyaure yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, jan ruwa yana gangarowa jikin bango. Daga nan sai neman mai fenti, a kankare, a sake shafawa, bayan shekara biyu kuma a koma gidan jiya. A Legas da Fatakwal da Warri da Kalaba, inda iskar teku take ɗauke da gishiri, ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa sai na ɗan lokaci, abin ya fi haka muni ƙwarai, domin a can ƙarfe yakan rube har ya huje tun mai shi bai gama huce zafin kuɗin da ya kashe ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramar hasara ce. A 2016 wata ƙungiyar injiniyoyi masu nazarin lalacewar ƙarafa da ke Amurka, wadda a lokacin ake kira NACE, ta fito da rahoton da ya ƙiyasta cewa tsatsa da danginta suna cinye wa duniya wajen dala biliyan 2,500 kowace shekara, watau kimanin kashi 3.4 cikin 100 na dukan abin da ƙasashen duniya suke samarwa. Rahoton ya ce da za a bi hanyoyin kariya da aka riga aka sani, da an ceto kashi 15 zuwa 35 cikin 100 na wannan dukiya. Ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, wadda yanzu take ƙara samun shiga a masana'antun ƙasar nan, ita ce abin da masu sana'ar suke kira fentin hoda.

MENE NE SHI?

Fentin da muka saba da shi ruwa ne. A cikin gwangwani akwai launi, akwai wani irin ƙaro mai riƙe launin, sa'an nan akwai ruwan da yake tsinka su, wanda masu fenti suke ce wa tina. In an shafa ko an fesa, tina sai ta bi iska, ta bar launi da ƙaro manne a jikin ƙarfe. Warin nan mai sa ciwon kai da ake ji a sabon ɗakin da aka yi wa fenti, ita ce take fita.

To, shi fentin hoda babu ruwa ko ɗigo a cikinsa. Gari ne busasshe, mai laushi kamar fulawa, wanda ake fesa wa ƙarfe da taimakon lantarki, sa'an nan a shigar da ƙarfen cikin tanderu a gasa. Zafi ya narkar da garin, ya malale ya rufe ƙarfen ruf, daga baya ya sandare ya zama fata mai tauri wadda ko an sake mai da ita wuta ba za ta koma ruwa ba. Farin da ke jikin firiji da injin wanki, da akwatunan lantarki, da kabad ɗin ƙarfe na ofis, da tagogin alminiyam masu launi, da kekuna da yawa, galibinsu wannan fenti ne. Watau dai mutane da yawa sun daɗe suna zaune da shi a gida ba su san sunansa ba.

A nan ya kamata a raba shi da langa, irin kwanukan jeren da iyayenmu mata suka ƙawata ɗakuna da su. Abin da ke jikin langa gilashi ne da aka narka a wuta mai zafin wajen digiri 800, shi ya sa in kwano ya faɗi sai ya fashe ya bar baƙin tabo. Fentin hoda kuwa dangin roba ne, wutarsa ba ta kai ko kusa da wannan ba, kuma yana iya lanƙwasa tare da ƙarfe ba tare da ya tsage ba.

ASALINSA

Wani masanin kimiyya Bajamushe, Erwin Gemmer, shi ya buɗe hanyar. Ya gano cewa in aka zuba garin roba a cikin tukunya, aka hura iska daga ƙarƙashi, garin sai ya tashi yana motsi kamar ruwa mai tafasa, in kuma aka tsoma ƙarfe mai zafi a ciki sai garin ya narke ya manne masa. Ya nemi rajistar wannan dabara a 1953, aka ba shi a 1955. Sai dai fatar da ake samu ta wannan hanya tana da kauri sosai, ta fi dacewa da kwandunan waya da kayan lantarki, ba ta yin kyau a abin da ake so don ado.

Babban ci gaba ya zo ne a farkon shekarun 1960. Tun kafin nan wani Ba'amurke, Harold Ransburg, ya riga ya nuna yadda za a yi amfani da lantarki a jawo fentin ruwa zuwa jikin ƙarfe. Sai kamfanin Sames na Faransa ya ƙera bindigar da take yin haka da busasshen gari. Daga nan aka sami ikon shimfiɗa fata siririya mai santsi a kan ƙarfe mai sanyi.

Abu biyu suka tura masana'antun Turai da Amurka suka rungumi dabarar. Na farko hayaƙi: a 1966 hukumar gundumar Los Angeles ta kafa wata doka da aka sani da Doka ta 66, wadda ta ƙayyade yawan tururin tina da masana'antu za su saki a iska, a 1970 kuma Amurka ta ƙarfafa dokarta ta tsabtace iska. Na biyu kuɗi: rikicin man fetur na 1973 ya sa tina ta yi tsada, tun da daga fetur ake samun ta. Mai masana'anta da yake sayen ruwa da tsada don kawai ya bar shi ya bi iska, sa'an nan hukuma ta ci shi tara a kan haka, ba ya bukatar dogon wa'azi kafin ya sake shawara.

YADDA AIKIN YAKE TAFIYA

A kamfanin da ake yin garin, ana haɗa ƙaron roba da sinadarin da zai sandarar da shi da launi da wasu 'yan ƙananan mahaɗai, a tura su cikin wani inji mai ɗumi ya cuɗa su su zama kamar ƙullu, a shimfiɗa a sanyaya, a farfasa, a niƙa, a tankaɗe. Ƙwayar garin takan kasance wajen maikuron 30 zuwa 50. Maikuron ɗaya shi ne in an raba milimita gida 1,000 aka ɗauki ɗaya, gashin kan mutum kuwa yakan kai kimanin 70.

Wanda ya taɓa cire rigar leda da dare a lokacin hunturu ya ji tana ƙas-ƙas har da ɗan tartsatsi, ko ya ga yaro ya goga biro a kansa ya ɗauki gutsuren takarda da shi, to ya riga ya ga sirrin fentin hoda. Iska daga kwampreso takan ɗauko garin ta bi da shi ta bakin bindigar feshi, inda wata 'yar allura mai ɗauke da lantarki har bolt 100,000 take ɗora wa kowace ƙwaya caji. Adadin yana da ban tsoro, amma ƙarfin wutar da ke gudana ƙanƙane ne ainun. Shi kuma ƙarfen yana rataye a ƙugiya wadda aka haɗa da wayar ƙasa. Saboda haka garin da ya fito kamar hazo sai ya nufi ƙarfen da kansa, har ya kewaya bayansa ya manne. Akwai wata irin bindigar da ba ta da allura, ita garin yana samun caji ne ta gogayya da bututun Teflon da yake bi ta ciki.

A wannan lokaci garin yana zaune ne kawai, ɗan yatsa ma yana share shi. Wannan kuwa alheri ne, domin in ma'aikaci ya ga bai yi daidai ba sai ya hure da iska ya sake. Garin da ya zuba ƙasa a ɗakin feshi kuma ana iya zuƙe shi a tankaɗe a sake amfani da shi, har masana'antar da ke da kayan aiki sosai takan mori fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da ta saya. Mai fesa fentin ruwa da bindiga ta gargajiya kuwa, sau da yawa fiye da rabin fentinsa a iska da ƙasa yake ƙarewa.

Sai tanderu. Yawancin garin da ake sayarwa yana bukatar zafin digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, na minti 10 zuwa 15. Amma fa a lura, ba daga lokacin da aka rufe ƙofar tanderu ake fara ƙirga ba, sai daga lokacin da shi ƙarfen kansa ya kai wannan zafi. Farantin ƙarfe marar kauri yakan kai nan da nan, ginshiƙi mai nauyi kuwa yana iya cin rabin sa'a ko fiye kafin ya ɗauki zafin. A nan ne mai gaggawa ko mai tsimin gas yake cutar jama'a: ya fitar da kaya suna ƙyalli, alhali fentin bai nuna ba, kamar tuwon da aka sauke da gari a ciki. Irin wannan, bugu kaɗan sai ya ɓantale.

In an yi shi yadda ya kamata, fatar takan kai maikuron 60 zuwa 120 a feshi ɗaya, watau ninki biyu ko uku na shafi ɗaya na fentin ruwa, ba ta da zirarar da fentin ruwa yake yi, kuma da zarar ƙarfe ya huce an gama, ba jiran bushewa, ba ƙura ko ƙudan da zai manne.

INDA GIZO YAKE SAƘA

Duk wannan bayani bai kai muhimmancin abin da ake yi kafin a ɗauki bindiga ba. Ƙarfen da aka sayo daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, ko Owode Onirin a Legas, yakan zo da maiƙo, da wani baƙin ɓawo da ya samu tun a masana'antar da aka murza shi, da tsatsar da ya ɗauka a hanya. Mai walda kuma ya ƙara masa nasa kashin walda. In aka fesa gari a kan waɗannan, to da dattin fentin ya manne, ranar da dattin ya saki kuwa tare za su tafi.

Saboda haka tilas a wanke maiƙon da sinadari, a harbe ƙarfen da tsakuwar ƙarfe ko makamancinta har ya fito fari tas da ɗan kaushi, sa'an nan a tsoma ko a fesa masa ruwan fosfet, wanda yake barin wata shimfiɗa siririya mai taimaka wa fenti ya kama, mai kuma hana tsatsa yaɗuwa. Fosfet na ƙarfe ya isa ga kayan ɗaki, amma abin da zai zauna a waje ya fi son fosfet na tutiya. Alminiyam yana da nasa wankin dabam. Bayan haka a ɗauraye, a busar sosai, a yi feshi a ranar, domin ƙarfen da aka kankare in ya kwana a iskar Legas ya riga ya fara ja kafin gari ya waye.

Dalilin da ya sa muka tsaya a kan wannan shi ne halin tsatsa. Tsatsa takan samu ne in ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, saboda haka tana kumbura. In ta sami ƙofa ta wani ɗan ƙwarzane a jikin fentin hoda wanda ba a yi wa ƙarƙashinsa shiri ba, sai ta bi ta ƙasa tana ci a ɓoye, fatar sama tana nan da kyanta kamar ba abin da ya faru, har ran da za ta ɗago ta salube kamar faifai. Fentin ruwa shi aƙalla yakan nuna cutarsa da wuri. A ganinmu, ƙyauren da aka kankare da kyau, aka yi masa jan fenti na shimfiɗa, aka bi da shafi biyu na fentin mai, ya fi ƙyauren da aka watsa wa hoda a kan datti nesa ba kusa ba, ko da kuwa na biyun ya fi ɗaukar ido a bakin shago.

Ga mutanen bakin teku, hanya mafi ƙarko ita ce a fara tsoma ƙarfen cikin narkakkiyar tutiya, ko a yi masa shimfiɗar gari mai tutiya a ciki, sa'an nan a ɗora mai launi a sama. Sai dai ƙarfen da aka tsoma a tutiya da wanda aka zuba a zubi sukan fitar da iska in sun ji wuta, su bar 'yan ramuka kamar na allura, don haka masu gwaninta sukan fara gasa su tsirara kafin feshi.

BA DUK GARI NE ƊAYA BA

Garin ifoksi shi ne sarkin kamu da jure sinadarai. Shi ake gasa wa bututun mai da na gas da za a binne a ƙasa tun shekarun 1960, shi ne kuma koren da ake gani a jikin rodin wasu gadoji, wanda aka fara sawa a wata gada a jihar Pennsylvania ta Amurka a 1973. Amma rana makiyarsa ce. In aka bar shi a fili sai fuskarsa ta koma kamar alli, launi ya koɗe cikin 'yan watanni. Wanda yake jure rana shi ne garin foliyesta. Akwai kuma gaurayen su biyu, wanda ya fi araha, an yi shi ne don kayan cikin gida da ofis.

Wannan magana ta shafi mutanen Sakkwato da Maiduguri da Katsina ƙwarai. A can tsatsa ba ta da ƙarfi kamar a kudu, amma rana tana da shi. Mai gida da aka yi wa ƙyaure da garin da aka yi don kabad ɗin ofis, ba zai san an yi masa sakiyar da ba ruwa ba sai bazara ta zagayo. A Amurka masu tagogin alminiyam sun raba fenti aji uku gwargwadon yadda ya jure ranar kudancin Florida, shekara 1, da shekara 5, da shekara 10. A Turai kuma akwai tambarin Qualicoat da aka kafa a 1986, wanda ake binciken masana'anta kafin a ba ta. A nan gida muna da Hukumar SON tun 1971, kuma zai yi kyau ta sa ido a kan wannan sana'a tun tana tasowa, domin mai saye ba shi da yadda zai bambance gari da gari da ido.

Launi kuwa ba ya ba da wahala. Ana kiransa da lambar RAL, tsarin da Jamusawa suka fara a 1927: 9005 baƙi wuluk, 9016 fari, 7016 toka mai duhu. In mutum ya riƙe lambarsa, ko bayan shekara biyar zai sami irinsa.

ABIN DA BA YA IYAWA

Abin da ba zai shiga tanderu ba, ba zai sami fentin hoda ba. Gada ko tankin da aka riga aka kafa sai dai fentin ruwa. Roba da leda da katako da boris mai giris duk sai an cire su, cikon da masu gyaran jikin mota suke yi shi ma ba ya jure wutar. Zaren noti da wurin da ƙarafa biyu za su zauna daram sai an rufe su, in ba haka ba kaurin fentin ya hana su shiga. Salansa tana bukatar nata gari na musamman. Lungu mai zurfi yakan ƙi karɓar gari saboda lantarkin yana tsayawa a baki, kaifin gefe kuma yakan sami fata siririya, shi ya sa tsatsa take fara ɓullowa daga nan in ba a goge kaifin ba. Sa'an nan in ya ƙwarzane, gyaransa da buroshi ba ya komawa kamar da.

Ta fuskar lafiya, rashin tina bai mai da shi fulawar gaske ba. Shaƙar garin yana cutar huhu, wasu irinsa suna ɗauke da wani sinadari da ake kira TGIC wanda Turai ta sa cikin masu haɗari, gari mai yawa a iska kuma yana iya kamawa da wuta in ya sami tartsatsi. Tanderun da aka gasa fenti a ciki haram ne a sake gasa burodi a cikinsa. Haɗari mafi girma ma yana wurin kankara. Harbin ƙarfe da yashin rafi yana tayar da ƙurar da take sandarar da huhu, cutar da ba ta da magani, har Ingila ta hana yin haka tun 1949. In kuma tsohon fenti ake kankarewa, mai yiwuwa ne yana da dalma a ciki, ƙasar da ta ga abin da ƙurar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 kuwa ba ta bukatar a faɗa mata illarta. Tsumma a hanci ba kariya ba ce, yaron shago yana da haƙƙin a saya masa takunkumi na ƙwarai.

GA MAI SHA'AWAR SANA'AR DA MAI SAYE

Bindiga da kwampreso ba su ne masu tsada ba, tanderu ne da abin da zai ci. Tanderun da wuta ta ɗauke masa a tsakiyar gashi ya ɓata kaya, shi ya sa a irin halin lantarkinmu na gas ya fi kwanciyar hankali. Iskar kwampreso dole ta zama busasshiya marar mai. Shi kansa garin ba ya son zafi ko laima, ana so a ajiye shi a wuri mai sanyi da bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, in kuwa aka bar kwalinsa a shagon kwano a watan Afrilu a Kano sai ya dunƙule. Amma kasuwa tana nan: kujerun makaranta, gadajen asibiti, sandunan fitilun titi, rumfunan janareto, ƙafafun farantan sola.

Shi kuma mai saye, ya tambaya a nuna masa inda ake wanki da kankara kafin a nuna masa launi. Ya nemi ganin kwalin garin ya tabbatar na waje ne in a waje kayan za su zauna. Masana'anta ta gari tana da 'yar na'urar auna kauri, kuma ba za ta ƙi a gwada wani gutsuren ƙarfe da aka gasa tare da kayan ba: a tsaga shi da reza gida-gida, a manna salatif a fizge, in ya taso da fenti kamu bai yi ba, a kuma goga auduga mai asiton, in launi ya biyo ta sosai gashi bai nuna ba.

Akwai kuma abin da magina suke yawan mantawa. In an kawo ƙyaure ko ƙarafan taga daga tanderu, sa'an nan mai walda ya zo ya liƙa su da wuta a jikin gini, ya ƙone fentin a daidai wurin da ruwa yake taruwa. Tun wajen awo ya kamata a shirya cewa da noti za a ɗaure, a huda ramukan kafin a kai feshi, a bar 'yan ƙofofi a gindin bututu don ruwa ya riƙa fita, a kuma ɗaga gindin ƙyauren daga ƙasa kaɗan. Bayan haka abin da yake bukata ruwa ne da sabulu marar ƙarfi da tsumma mai laushi, sau biyu ko uku a shekara, a bakin teku kuwa fiye da haka.